Ɗakin kwamfuta a makaranta: kurakuran da ke kashe shi tun bai shekara ba

Sau da yawa idan makaranta a Maradi ta samu kuɗin buɗe ɗakin kwamfuta, sai a zuba su kaf wajen sayen na'urori. A jera ashirin bisa tebura, a ɗauki hoto, kafin ƙarshen shekarar karatu rabi sun daina tashi. Ba daga na'urorin ba ne, daga abin da aka tsallake ne kafin a kawo su.

Wuta ce kan gaba. Kwamfutar tebur da allonta na cin wat 100 zuwa 150, ka ga ashirin za su iya kai wat 3000, kusan amfiya 14 ke nan a kan bolt 220. Amma sai ka tarar an ɗora su duka a kan soket guda na bango, an sarƙa wayoyin jone-jone wannan cikin wancan. Taɓa wayar bayan awa ɗaya ka ji zafinta; wata rana robar ce za ta narke. A jawo wa ɗakin layinsa daban da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, a raba shi gida uku ko huɗu, kowane da makullinsa mai yanke wuta na amfiya 16. A kuma kafa sandar ƙasa, ƙarfen da ke kai wutar da ta kauce cikin ƙasa. Idan yara suna cewa akwatin kwamfuta na jan su, babu ita ko ba ta aiki. Ƙasarmu rairayi ce, da rani takan bushe ƙayau, don haka a nutsa sandar kamar mita biyu a wurin da ke samun danshi.

Lokacin zafi ɗauke wuta ba sabon abu ba ne, kuma dawowarta da ƙarfi ita ke ƙona sashen wuta na kwamfuta. Shi ya sa ake sayen ondilar, na'urar da ke riƙe wuta. Kuskuren shi ne ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Wadda aka rubuta wa 650 a jiki wat 360 zuwa 390 kawai take ɗauka: kwamfuta biyu, na ƴan mintoci, daidai a adana aiki a kashe. Kada a kuskura a jona mata firinta mai aiki da garin tawada, domin idan tana ɗumama kanta ita kaɗai takan wuce haka. Batirin cikinta kuwa, a zafi irin namu, shekara biyu ma da ƙyar. A sa kuɗin canjinsa a lissafi tun farko. Makarantar da ke son dogara da hasken rana gara ta sayi laftof: wat 45 zuwa 65 take ci, ga batirinta a jiki.

Sai ƙura. Hunturu guda ya isa ya toshe fankar ciki, Afrilu ya zo da zafin da ya haura maki 40, na'ura ta riƙa kashe kanta ana tsaka da darasi. A ɗaga akwatunan daga ƙasa, a toshe kafofin tagogi, a fitar da allon alli daga ɗakin a sa farin allo. Duk wata uku a buɗe akwatunan a waje a busa da injin iska, a danne fanka da yatsa kada ta yi ta juyin banza. Lulluɓe su da zane daidai ne, amma bayan an kashe sun huce.

Na'urorin da aka taɓa amfani da su ba laifi ba ne idan an duba. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, kuma tsofaffi da yawa ba sa karɓar Windows 11. Irin waɗannan a sa musu Linux Mint a madadin Windows, da LibreOffice don rubutu da lissafi, kyauta ne. Idan kwanan wata na rikicewa duk safiya, ɗan batirin CR2032 ne ya mutu. A lura da madannai ma: kayan da suka biyo ta Kano ko Katsina galibi masu tsarin Ingilishi ne, wato QWERTY, mu kuwa da Faransanci ake karatu. Yaro ya danna a ya ga q, ya nemi é ya rasa. A sayi masu tsarin Faransanci, wato AZERTY, ko a daidaita saitin da abin da ke rubuce a madannin.

Barin ɗalibai su shiga da asusun mai gudanarwa na ƙara buɗe ƙofa ga cututtukan kwamfuta; akwai ma cutar kile (filashin USB), wadda ke ɓoye fayiloli ta bar gunkinsu kawai. A ba su asusu mai iyaka. Kuma rashin intanet ba dalilin kulle ɗaki ba ne. Da manhajar Kiwix ana iya ajiye Wikipedia ta Faransanci a kwamfuta ɗaya, sauran su karanta ta wayar sadarwa, muddin tsawonta bai wuce mita 100 ba.

A ɗora wa malami guda alhakin ɗakin, a rage masa awannin aji, a ba shi makulli da littafin rubuta matsala. Kowace na'ura a manna mata lamba, kowane ɗalibi ya san wadda yake zama a kai. A durowarsa a ajiye linzami biyar, madannai uku da sashen wuta biyu na ko-ta-kwana.