Yadda ake sa gaskit ɗin jan ƙarfe a kan injin motar tsere

Gaskit ɗin kan inji shi ne faifan da ke kwance tsakanin bulok da kan silinda, yana tare abu uku: wutar ƙonewar mai, ruwan sanyaya inji da baƙin mai. Wanda aka yanko daga zallar jan ƙarfe ya yi suna ne a tseren miƙaƙƙen layi na Amurka, musamman a motocin ajin Top Fuel na hukumar NHRA mai shirya irin wannan tsere, masu shan man naitiromiten a madadin fetur, waɗanda ƙarfinsu ya kai na doki 11,000. Matsin da ke cikin silindar irin wannan inji fatattaka gaskit ɗin kamfani, wato irin wanda ke zuwa da mota, yake yi. Jan ƙarfe kuwa ba ya ƙonewa, sai zafi ya kai digiri 1,085 a ma'aunin Celsius kafin ya narke, kuma yana saurin kwashe zafi daga inda ya taru.

Inda ake yawan yin kuskure shi ne a ɗauka sayo shi kawai za a yi a ɗora. Jan ƙarfe ba ya toshe komai shi kaɗai. Ba shi da tsalle irin na gaskit mai faifan ƙarfe hawa-hawa, wanda ke bin kan silinda idan ya ɗan ɗaga. Inda aka danne shi nan yake tsayawa. Saboda haka sai an haɗa masa da wayar ƙarfe da ake dasawa zagaye da bakin silinda, da gurbinta, da gam, da sandunan ɗauri masu ƙarfi. Motar zuwa aiki da cefane ba ta buƙatarsa, kuma inji mai yawan zafi saboda lagireto ya toshe ba zai warke da shi ba. Na injin da aka cika wa turbo ne, wato na'urar da ke cusa masa iska, ko mai amfani da iskar naitiros mai ƙara wa inji ƙarfi.

Kauri da faɗin baki

Ana samunsa da kauri iri-iri, irin su inci 0.032, 0.043, 0.050 da 0.062. Wanda aka fi sawa shi ne 0.043, wato kusan milimita 1.1. Kaurin yana canza matsin inji, wato ninki nawa fistan ke matse iska da mai a cikin silinda, don haka a yi lissafi kafin a saya. A ɗauki injin Toyota 2JZ-GTE: faɗin silindarsa milimita 86 ne, kowace silinda na ɗaukar kusan cc 500, matsinsa na kamfani 8.5:1. Idan bakin gaskit ɗin milimita 87 ne, kowane rabin milimita da aka ƙara a kauri yana ƙara kusan cc 3, matsin ya sauko wajen 8.2:1. Sai dai rage matsi ta hanyar kaurara gaskit dabara ce mai illa, domin tana buɗe ratar da ke tsakanin saman fistan da kan silinda. A injin da ke da sandunan fistan na ƙarfe ana son ratar nan ta tsaya tsakanin inci 0.035 zuwa 0.045. Ta wuce haka da yawa, mai ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba.

Bakin gaskit kuma dole ya ɗan fi bakin silinda faɗi. Idan gefensa ya leƙo ciki, sai ya yi ja kamar garwashi ya kunna mai kafin fulogi ya ba da wuta.

Waya da gurbinta

Nan ne aikin yake, kuma na mai injin sassaƙa ƙarfe ne, ba na gareji ba. Da farko a tabbatar fuskar bulok da ta kan silinda sun miƙe. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye, a kwance da kuma a karkace, a zura siraran faifan awo a ƙarƙashinsa. Ratar da ta wuce inci 0.002, wato milimita 0.05, tana nufin sai an share fuskar.

Daga nan a sassaƙa siririn gurbi zagaye da bakin kowace silinda, yawanci a jikin bulok, a dasa wayar ƙarfen da ba ya tsatsa mai kaurin inci 0.041. Faɗin gurbin ya gaza kaurin wayar da kusan inci 0.001, don ta shiga da ƙyar ta zauna daram. Zurfinsa kuwa ya danganta ga yadda ake son wayar ta ɓullo sama. Ƙa'idar masu ƙera gaskit ɗin ita ce tudun wayar kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin gaskit. A gaskit mai 0.043 ke nan ana neman tudun inci 0.010, zurfin gurbi ya zama 0.031. Idan tudun ya yi yawa, wayar za ta hana kan silinda zama a kan gaskit ɗin, ruwa ya yi ta tsatsafowa, wani lokaci ma ta yanke jan ƙarfen. Idan ya yi kaɗan, wuta ta bi ta samanta ta wuce.

Wajen dasawa, a goge bakin wayar da magagari ya zama a miƙe, a fara daga kusa da ramin sandar ɗauri, inda danniya ta fi ƙarfi. Kada mahaɗar ta faɗa a siririn wurin da ke tsakanin silinda biyu. A riƙa buga ta a hankali da gudumar roba har a zagayo, a yanke, a goge ɗaya bakin su haɗu ba rata. Sannan a bi da agogon awo a auna tudun a wurare da dama a kowace silinda. Ido ba ya ganin bambancin inci 0.002, amma wuta tana gani.

Injin da matsinsa ya yi tsanani ana yi masa gurbi na biyu a fuskar kan silinda, daidai saitin wayar. Zurfinsa kusan kashi 75 cikin 100 na tudun wayar, faɗinsa kuma ninki ɗaya da rabi na kaurinta, wajen inci 0.060. Idan aka ɗaure, wayar sai ta tura jan ƙarfen cikin gurbin ya kulle. Amma fa sai saitin ya yi daidai. Gurbi biyun da suka saɓa sun fi rashinsu muni, shi ya sa ake auna su daga ƙusoshin saiti na bulok.

Laushi da gam

Sabon gaskit ɗin jan ƙarfe daga masu ƙera shi irin kamfanin SCE yana zuwa da laushinsa, ba ya buƙatar wuta. Wanda aka taɓa ɗaurewa ne ke taurare, domin jan ƙarfe na ƙara tauri duk lokacin da aka matse shi. Idan bai yanke ba, bai kuma lotsa sosai ba, ana iya mayar da laushinsa: a dumama shi da wutar gas a inuwa, ana yawo da harshen wutar, har ya yi ja mai duhu ko'ina. A bar shi ya huce, ko a tsoma shi a ruwa. Duk ɗaya ne, ba kamar baƙin ƙarfe ba ne da ruwa ke taurarawa. A kankare baƙin ɓawon da ya fito da soson goge ƙarfe mai laushi, a auna kaurin a wurare da yawa. Wuta ta hannu ba ta cika dumama shi daidai ba, don haka a inji mai tsada gara a sayi sabo.

Wayar tana tare wuta ne kawai. Ruwa da mai sai gam. A wanke fuskokin duka da tina har farin tsumma ya daina baƙi, a fesa gam irin Copper Coat ko Hylomar siriri a fuska biyu na gaskit ɗin, a jira ya yi danƙo kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwanin. Masu sa silikon a kewayen ramukan ruwa su shafa kaɗan ƙwarai. Idan ya yi kauri yakan matso ya gutsure ya toshe hanyar mai. Akwai samfurin Titan na SCE da ke zuwa da zanen silikon a jikinsa, shi ba a ƙara masa komai.

Ɗauri

A ajiye kusoshin kamfani masu miƙewa idan an ɗaure su a gefe, a sa sanduna masu noti irin na kamfanin ARP. A share zaren ramukan, a tabbatar babu ruwa ko mai a ƙasansu, a murɗa sandunan da hannu kawai. A shafa man ɗaurin da kamfanin ya ba da a zare da ƙasan noti da washa, domin adadin ƙarfin da suka rubuta da wannan man aka auna shi. Da sifana mai awon ƙarfi a ɗaure daga tsakiya zuwa waje, a hawa uku.

Sai matakin da ake yawan tsallakewa. A tayar da injin ya kai zafinsa na aiki ba tare da an taka shi ba, a kashe, a bar shi ya huce sarai, gara ya kwana. A rage ruwan lagireto, sannan a bi notocin ɗaya bayan ɗaya bisa jerin farko: a sassauta guda kamar rubu'in juyi, a mayar da shi cikakken ƙarfinsa, kafin a taɓa na gaba. Za a ga wasu sun wuce inda suke a da, alamar jan ƙarfen ya zauna. A zuba ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, musamman idan kan silindar na alminiyam ne, domin idan jan ƙarfe da alminiyam suka haɗu a cikin ruwa zalla, alminiyam ɗin ne ke cinyewa.

Idan daga baya aka buɗe aka ga baƙin layin hayaƙi ya tsallake wayar, kan silinda ne ke ɗagawa: ko sandunan sun yi rauni, ko mai na fashewa kafin lokaci. A duba lokacin wuta da yawan man da ke shiga tun kafin a zargi gaskit. Na kamfani yakan ƙone ya ceci injin, na jan ƙarfe kuwa yana nan lafiya lau yayin da fistan ke narkewa a ƙarƙashinsa, don haka bayan gudun farko a kwance fulogai a duba ko akwai ɗige-ɗigen alminiyam a bakinsu.