Yadda za ka kare layin wayarka daga masu kutse

Katin sim ƙaramar kwamfuta ce mai manhajojinta, kuma yana karɓar umarni daga kamfanin sadarwa ta wani irin saƙon tes da mai waya ba ya gani. Ta nan ɓarakar take. A 2019 kamfanin AdaptiveMobile Security ya bankaɗo harin Simjacker: maharin ya turo ɓoyayyen saƙo zuwa tsohuwar manhajar S@T Browser da ke cikin katin, shi kuma katin ya mayar masa da lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da bayanin turken sabis ɗin da take kai, wato inda kake. Najeriya da Ghana da Kamaru na cikin ƙasashe 29 da aka lissafa. Maganin wannan yana hannun kamfanin layi, shi ke tace irin waɗannan saƙonni. Naka kawai, in katin ya tsufa, ka je ofishinsu a sauya maka sabo da lambarka.

Harin da ya fi cin mutane a Najeriya kuwa bai kai haka wahala ba. Ɓarawo ya fizge waya, ya zare sim ya sa a ƙaramar rakani-kashi, ya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, lambobin OTP da banki ke turowa don tabbatar da fitar kuɗi kuma su riƙa shigo masa. Makullin fuskar waya bai hana wannan, don haka ka sa wa sim ɗin kansa PIN. A Android ka shiga saitin tsaro ka nemo makullin sim, a iPhone yana ƙarƙashin saitin layi. Za a fara tambayarka PIN na asali, kada ka yi canke: kuskure uku katin ya rufe sai da PUK, mabuɗinsa mai lamba 8, wanda ke jikin faifan robar da aka ɓallo sim ɗin. Kuskuren PUK sau goma, katin ya mutu ke nan. Sabon PIN ɗin, ka zaɓi lamba 4 zuwa 8, ban da shekarar haihuwa.

Ka danna ##002# don soke duk wani karkatar da kira da aka saita ba da saninka ba. A WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ta imel kuma ka mayar da ita kan manhaja irin Google Authenticator maimakon tes.

Idan sabis ya ɗauke maka alhali na kusa da kai mai layi iri ɗaya yana waya, wataƙila wani ya yi welkam-bak ɗin lambarka, wato ya karɓi sabon sim da ita. Ari waya nan take, ka fara kiran banki su rufe asusun, sannan kamfanin layi su toshe lambar.