Kurakuran da ke kashe sana'ar sayar da wutar sola a ƙauye

Jama'a mu ɗan tattauna kan ƙananan tashoshin sola ɗin nan da ake kafawa a ƙauye ko cikin kasuwa ana sayar wa mutane wuta, don wallahi abin yana min ciwo in ga an zuba miliyoyi an jera farantan sola, bayan shekara biyu ka dawo ka tarar awaki ne ke shan inuwa a ƙarƙashinsu. Kuma ba rana ce ta gaza ba, lissafin kasuwancin ne ba a yi shi daidai ba tun farko.

Wanda na fi gani shi ne mutum ya gina tasha yana ƙirga gidaje kawai, ƙwan fitila da fanka da cajin waya. To faranti da rana yake ba da wuta, su kuwa gidaje sai bayan magariba suke kunnawa, kenan duk nauyin ya koma kan batir, alhali batir ne ya fi cin kuɗi kuma shi ke fara mutuwa. Da tsakar rana wuta ta yi yawa ba mai saye. Na taɓa tsayawa wurin wani mai niƙa, injinsa na dizal yana ta ƙara yana fesa baƙin hayaƙi, mata sun jera kwanukan dawa, ga wayar tasha ta wuce ta saman rumfarsa amma ba wanda ya taɓa zuwa ya yi masa magana. Irin sa ne kwastoman gaske, shi da mai walda da mai ƙanƙara da teloli da masu noman rani da ke jan ruwa da famfo. Ka fara zama da su kafin ka sayi ko waya ɗaya, ka sa wutar rana ta fi ta dare araha, in ma da hali ka kawo musu injin lantarki su riƙa biya kaɗan kaɗan, don yawancinsu ba ƙin canji suke ba, kuɗin sabon inji ne babu. Shi ya sa aikin sola na kasuwar Sabon Gari a Kano ya yi ma'ana, shaguna da rana suke buɗe kuma dama can suna ƙona kuɗi a janareta.

Sai batun kuɗin wata bai ɗaya ba mita. Mutum ɗaya ya jona dutsen guga da hita ya shanye wutar layi guda, mai ƙwai biyu kuma ya ji an zalunce shi ya daina biya. A sa mitar kati, a samu mai POS a garin da zai riƙa sayar da katin wutar, kuma a tuna manomi da kaka yake da kuɗi, da damina aljihu a bushe yake.

Wani abin da ya karya mutane da yawa, kaya da dala ake sayowa amma wuta da naira ake sayarwa. Da naira ta faɗi a 2023 wanda ya yanke farashi ɗaya ya yi alƙawarin ba ƙari ya shiga uku, batir ya mutu ba kuɗin canji. Tun ranar farko a gaya wa mai gari da jama'a gaskiya cewa za a riƙa duba farashi, kuma duk wata a ware kuɗin batir daban kar a taɓa shi.

Takardu ma kar a raina su. Dokar hukumar kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, wato NERC, ta 2016 da aka sabunta a 2023 ta ce tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, amma mai lasisi ne ke da haƙƙin diyya in kamfanin rarraba wuta irin su KEDCO ya iso garin da layinsa. Ni dai shawarata a nemi lasisin ko da tashar ƙarama ce, a kuma leƙa hukumar samar da wutar lantarki a karkara, wato REA, a ji tallafin da ke akwai.

Sannan ƙurar hunturu, sati guda ba a goge faranti ba za ka ga wuta ta ja baya. A koya wa yaran garin biyu aikin, a yanka musu albashi, a ajiye musu fis da waya da bokiti a ɗakin tasha, ba sai an jira injiniya ya taso daga birni ba.