Yadda matuƙin jirgin sama zai shirya wa ritaya

A 2007 Amurka ta ɗaga shekarun ritayar matuƙan jiragen fasinja daga 60 zuwa 65, bayan fanshon ma'aikatan United Airlines ya durƙushe a 2005.

Kai kyaftin mai tuƙa jirgi a Najeriya, kada ka jingina da irin wannan ƙarin shekara biyar. Da ka cika 60, gwajin lafiya duk wata shida ne, kuma hawan jini ko ciwon zuciya kan sauke mutum daga kujera kafin lokaci. Nemi inshorar rasa lasisi, wadda ke biyanka in rashin lafiya ya hana ka tuƙi, tun kana da ƙarfi.

Duk wata ka duba asusun fanshonka: kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashinka, kai kashi 8. Wani kamfanin kan yanke naka ya riƙe. In ka ga giɓi, kai ƙara PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, da takardun albashinka.