Babi na 6: Farin Zane a Cikin Baki da Yadda Ake Duba Shi

Darasi na 1: Mene ne ciwon?

Akwai wani ciwon baki mai daɗewa da likitoci ke kira laiken filanas. Yana fitowa a cikin kumatu, galibi ɓangare biyu, da fararen layuka sirara kamar saƙar gizo-gizo. Wani lokaci wurin kan yi ja, ya yi zafi idan an ci abu mai yaji ko tsami. Ba a ɗaukarsa daga wani. Garkuwar jikin mutum ce ke kai wa fatar bakinsa hari, sai wurin ya zauna cikin kumburi shekara da shekaru. Ya fi kama mata masu matsakaicin shekaru.

Darasi na 2: Me kumburin yake ɓatawa?

Ku bi ni a hankali, ba wuya. Fatar baki ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai zaren gado guda 46, wato zaren da muka gada daga iyaye, su ne ke tafiyar da aikinta. Kumburin da ya daɗe yana iya tsinka zaren nan. Idan ƙwayar ta rabu biyu, guntun da ya tsinke sai ya maƙale a gefe shi kaɗai kamar ɗan ɗigo. Masu bincike kan goge cikin kumatu, su sa wa abin da suka ɗebo launi, su duba a madubin likita, su ƙirga ƙwayoyin da ke da irin wannan ɗigo. An fi samunsa a bakin masu ciwon fiye da na masu lafiya.

Kada gabanku ya faɗi. Kusan mutum 1 cikin 100 ne ciwon nasa ke rikiɗewa zuwa sankarar baki. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da ake sa wa ido.

Darasi na 3: Duba baki sau ɗaya a wata

Wanke hannu da sabulu. Tsaya gaban madubi inda akwai haske. Ja kumatun dama da yatsa, ka duba. Ja na hagu. Duba dasashi da ganda.

Yanzu harshe. A nan kowa ke tuntuɓe. Fito da shi, ka karkata shi dama, ka kalli GEFENSA har can baya. Karkata shi hagu, ka kalli ɗaya gefen. Sannan ɗaga shi sama, ka duba ƙarƙashi. Sake yi. Gefen dama, gefen hagu, ƙarƙashi. Madalla, haka ake yi.

Na ga da yawanku kuna fito da harshe, ku leƙa samansa, ku rufe baki. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Sankara ta fi son gefen harshe da ƙarƙashinsa. Wanda bai duba gefe ba, da sauran aiki a gabansa. A sake: dama, hagu, ƙarƙashi.

Gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, ko ƙullutu mai tauri, ko jan tabon da ke girma, a kai wa likitan haƙori. Yana iya yankar ɗan ƙaramin nama don gwaji.

Darasi na 4: Abin da za a bari

Taba, ta sha da ta taunawa, da giya. Suna ƙara ɓata ƙwayoyin.

Darasi na 5: Magani

Shafa maganin da likita ya rubuta yadda ya ce. Koma wurinsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da babu zafi.