Yadda za ka auna nauyin mai bincike a fannin neman magani da kwamfuta

Ɗaliban bayokemistiri da na harhaɗa magunguna da ke shirin digiri na biyu a nan Gombe sukan tambaye ni yadda za su gane malamin da ya cancanci su yi aiki a ƙarƙashinsa a fannin bayoinfomatik, wato nazarin bayanan halittu da kwamfuta. Yawancinsu lamba ɗaya suke kallo, wato sau nawa aka ambaci ayyukansa. Ga yadda nake bi.

Fara da Google Scholar, don kyauta ne. A gefen dama na shafin mutumin za ka ga jimillar ambato da ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya kawo a 2005. Lissafinsa ba wuya: idan h ɗin mutum 20 ne, yana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Ka sake nemansa a Scopus, wani rumbun takardun bincike, galibi za ka tarar lambar ta ragu, domin Google Scholar har kundin digiri da rubutun da ba a tantance ba yake ƙirgawa. A Scopus kuma kana iya cire ambaton da mutum ya yi wa kansa. Sunayenmu suna yawan karo, Muhammad da Abubakar ba su ƙirguwa, don haka ka tabbatar da mutumin ta lambarsa ta ORCID, wato lambar shaidar da ke bambance kowane mai bincike.

Wannan duk leƙe ne daga bakin zaure. Ainihin aikin shi ne ka buɗe takardunsa biyar da suka fi samun ambato, ka karanta sashen da ya bayyana yadda aka yi binciken.

Akwai wani salo da ya yi yawa, musamman tun zamanin korona a 2020. Mutum ya ɗauko surar furotin daga rumbun Protein Data Bank, ya kwaso sinadaran zogale ko sabara daga rumbun sinadarai na PubChem, ya zuba su a AutoDock Vina, manhajar hasashen yadda sinadari ke manne wa furotin, wadda Oleg Trott da Arthur Olson suka fitar a 2010. Kwamfuta ta ba shi makin ƙarfin mannewar, a ce -9, ya bi da sinadaran ta SwissADME, shafin da ke hasashen yadda jiki zai karɓe su, shi ke nan sai ya rubuta cewa ya gano abin da zai iya zama maganin zazzaɓin cizon sauro. Ba laifi ba ne a fara da haka, ni ma da shi nake koyar da ɗalibaina. Amma makin nan hasashe ne kawai, kuma abin yana damuna ƙwarai idan na ga an tsaya a nan, alhali asibitocinmu cike suke da yara masu zazzaɓi duk damina.

To me za ka nema? Ka duba ko ya fara mayar da sinadarin da aka riga aka san mazauninsa a jikin furotin ɗin, manhajar ta ajiye shi daidai, tazarar da ke tsakaninsa da ainihin mazaunin ba ta wuce angstrom 2 ba (angstrom ma'aunin tsawo ne a matakin atam). Ka duba ko ya kwatanta da sanannen magani. Mafi muhimmanci, shin an kai sinadarin ɗakin gwaje-gwaje, an gwada shi a kan ƙwayar cutar ko furotin ɗin kansa? Takarda ɗaya mai wannan ta fi mini goma da suka ƙare a allon kwamfuta. AlphaFold ma, manhajar da ke hasashen surar furotin, sai da ta ci gasar irin wannan hasashe ta CASP ta 2020, inda aka gwada hasashenta da surorin da aka ɓoye mata, kafin jagororin ƙirƙirarta, Demis Hassabis da John Jumper, su samu rabonsu na kyautar Nobel a 2024.

Idan manhaja ko rumbun bayanai ya ƙirƙira, ka leƙa GitHub, shafin da ake ajiye manhajoji, ka ga ko suna nan a buɗe, kuma ko wasu na amfani da su. Danna kan adadin ambaton ka ga masu ambatonsa: baƙi ne daga wasu ƙasashe da suka ɗora aiki a kan nasa, ko abokansa ne kaɗai ke zagayawa? Ka kuma sa sunansa a rumbun Retraction Watch, ko an taɓa janye masa takarda.

Kafin ka rubuta masa, nemi ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibansa ka tambaye shi abu biyu: ko malamin na da ɗakin gwajin da yake haɗin gwiwa da shi, da kuma ko yana sa sunan ɗalibi a farko idan aikin na ɗalibin ne.