Yadda za ka samo wa babbar manhajarka masu amfani, ko da ka rubuta ta da yaren da ba kowa ya iya ba

Duk wanda ya gina babbar manhajar kwamfuta, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya kamar Windows ko Linux, da yaren rubuta manhaja irin OCaml ko Lisp ko Oberon, abin da ke fara fitowa daga bakinsa shi ne yabon yaren. Ni dai shawarata ita ce ka haɗiye wannan yabon tukuna. Mai kwamfuta ba ya goge Windows ko Linux don an ce masa wani yare ya fi tsabta. Tambayarsa ɗaya ce, wane aiki za ta yi mini da wadda nake da ita ba ta yi?

Saboda haka ka zaɓi aiki guda, ƙarami, ka yi shi fiye da kowa. Ban ga waɗanda suka gane wannan kamar mutanen MirageOS ba. A Jami'ar Cambridge ta Ingila aka fara ta, da yaren OCaml, kuma sigarta ta farko ta fito a 2013. Ba su ce za su maye gurbin kwamfutar teburinka ba. Tsarinsu shi ne a haɗa manhaja guda da iya ɓangarorin da take buƙata, a fitar da ɗan ƙaramin abu mai tashi da kansa. Da haka Thomas Leonard ya gina katangar tsaro ta intanet don masu amfani da babbar manhajar Qubes OS, wadda ke aiki da 'yan gomomin megabayit na ma'adana, alhali takwararta ta Linux tana cin ɗaruruwa. Na gwada ta a laftof ɗina mai ƙaramar ma'adana, kuma abin da ya riƙe ni shi ne sararin da ta bar mini na buɗe wani abin. OCaml ko a raina bai zo ba a lokacin.

Akwai abin da ya fi wannan. A 2016 kamfanin Docker ya sayi Unikernel Systems, kamfanin da wasu daga cikin maginan Mirage suka kafa, kuma ɓangaren sadarwar Mirage ya shiga cikin manhajar Docker ta kwamfutocin Mac da Windows ta hanyar wani yanki mai suna VPNKit. Ɗimbin masu rubuta manhaja sun yi ta amfani da shi kullum ba tare da sun san da wane yare aka rubuta shi ba. To, ka gina taka gunduwa-gunduwa, yadda wani zai iya ɗaukar yanki guda ya saka a nasa aikin ba tare da ya rungumi duka ba.

Sai batun gwaji. Kada ka nemi kowa ya raba faifan kwamfutarsa ko ya sayi na'ura ta musamman. Ka shirya fayil guda da mutum zai sauke, ya buga umarni ɗaya a QEMU ko VirtualBox, wato injunan kwaikwayo masu tashin wata kwamfuta a cikin tasa, ya ga abu ya tashi kafin shayinsa ya huce. Fayil ɗin kuma kada ya yi nauyi, don ba kowa ke da datar zubarwa ba. Kamfanin Symbolics yana da Genera, wadda aka rubuta da Lisp, kuma waɗanda suka taɓa ta har yau suna begenta. Amma an ɗaure ta da injuna na musamman masu kuɗin dubban daloli, sai kwamfutoci masu rahusa da ke aiki da babbar manhajar Unix suka cinye kasuwar. Lokacin da aka fitar da Open Genera mai gudana a kan injin Alpha a shekarun 1990, jama'a sun riga sun watse.

Gudana cikin QEMU yana kuma rage maka wahalar direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke magana da katin sadarwa, faifai, allo da sauransu. Nan ne irin waɗannan ayyuka suka fi mutuwa. Ka rubuta direbobin virtio, waɗanda injunan kwaikwayo da dama ke fahimta, sannan ka zaɓi na'ura ta zahiri guda, misali ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, ka tabbatar komai yana aiki a kanta. Wayfai na kowace laftof a duniya ba naka ba ne yanzu.

Abin da magina suka fi ƙi shi ne buɗe ƙofa ga yaren C, wanda aka rubuta ɗimbin manhajojin Unix da shi. Suna ganin kamar cin amanar aƙida ne. Amma da ɗan gari akan ci gari. Jeremy Soller ya fara babbar manhajar Redox da yaren Rust a 2015, lokacin da Rust ɗin kansa jariri ne, kuma duk da haka suka rubuta relibc, tasu ƙofar ta yaren C, don manhajojin da aka saba da su a Unix su iya gudana a kai. Wanda ya tashi Redox ya tarar da kayan aikin da hannunsa ya sani yakan daɗe yana dubawa. Kwatanta da Oberon, wadda Niklaus Wirth da Jürg Gutknecht suka gina a jami'ar ETH da ke Zurich a shekarun 1980. Aiki ne mai kyau ƙwarai, ƙarami har mutum ɗaya zai iya karanta shi duka ya fahimta, kuma ɗalibai sun yi karatu da shi a kan injunan Ceres. Sai dai komai nata daban ne, har yadda ake haɗa maɓallan linzami uku wajen ba da umarni, don haka ba ta yi nisa da harabar jami'a ba.

Wajen rubuta bayani, ka raba mai amfani da mai gini. Shafin farko ya nuna yadda za a tashe ta a yi aikin nan guda, babu darasin yare ko layi ɗaya. Darasin ya zo daga baya, ga wanda ya ga amfani har yana son gyara wani abu. Shi ma ka tanadar masa ƙananan gyare-gyare da sabon shiga zai iya kammalawa a yammaci guda, kuma ka amsa masa da wuri, don masu iya yaren naka ba su da yawan da za ka yi asarar ko ɗaya.

Ka kuma rubuta ainihin sigar kwamfailar da aikin ke haɗuwa da ita, wato manhajar da ke juya rubutunka zuwa abin da inji zai gudanar, ka sa injin gwaji ya riƙa gina komai daga tushe duk lokacin da aka canza wani abu. Ƙananan yarukan nan suna sauya fasali da sauri, kuma kamfanin da zai ɗora kasuwancinsa a kanka zai tambayi wa zai gyara idan ka yi tafiya. Tun da wuri ka ba wa mutum na biyu izinin karɓar gyara da fitar da sabuwar siga, ka sa sunansa a shafin aikin kusa da naka.